Kwas ta waya a wurin aiki: yadda ake gane mai amfani da na tara satifiket

Kamar yadda muka saba, ga rubutaccen shirin wannan makon, saboda waɗanda data ba ta ishe su sauraren murya ba, da waɗanda sabis ke yi wa wasa.

Yau maganar kwas ɗin da ake yi ta waya za mu yi, musamman wanda ake shirya wa masu aiki: malaman makaranta, ma'aikatan asibiti, masu POS, da matasan da ƙungiyoyi ke ɗauka tattara bayanai. Duk wanda ke cikin guruf ɗin WhatsApp na matasan Ƙauran Namoda ko Shinkafi ko Zurmi ya san yadda abin yake. Ba a kwana biyu ba a turo sanarwar wani kwas ba. Mutum ya yi rajista, ya danna gaba, ya danna gaba, satifiket ya fito, ya ɗora a sitatus, mu yi ta zuba masa "Allah ya sa albarka". To madalla. Amma ranar Litinin da ya koma bakin aiki, me ya canza a hannunsa?

Kada wani ya ɗauka wannan tambaya ta 'yan boko ce kawai. A 2024, ƙungiyar likitoci ta MSF, wadda ke aiki a manyan asibitocin Shinkafi da Zurmi, tare da ma'aikatar lafiya, sun auna yara sama da 97,000 a ƙananan hukumomin biyu. Suka tarar kusan yaro ɗaya cikin kowane huɗu yana fama da tamowa. Wanda zai fara gano yaron nan a ƙauye galibi ba likita ba ne. Matashi ne ko matashiya irinmu, da ɗan tef na awon dantse a hannu. In ya iya awon, yaro ya samu magani da wuri. In bai iya ba, sai a ce wa uwa ta koma gida ɗanta lafiya lau. Ga kuma halin hanyoyinmu, kun san shi. Tara ma'aikata daga ƙauyuka a kai su bita Gusau ba ƙaramin abu ba ne yanzu, ga kuɗin mota, ga fargaba. Shi ya sa ake komawa ga waya. Tunda haka ne, dole mu san irin koyarwar da ke sa karatun waya ya zama iyawa.

Zan yi ta komawa ga wannan misali na awon dantse, amma duk abin da zan faɗa ya shafi malami da mai POS da kowa.

A fara da aikin, ba da tarihinsa ba

Yawancin kwasa-kwasan da ba su da amfani, daga darasin farko ake gane su. Za a fara da ma'anar tamowa, a bi da rabe-rabenta, a kawo alƙaluman duniya. Kafin a zo inda ake riƙe hannun yaro, data ta ƙare, mai koyo ya gaji.

Wani malamin harkar koyarwa a Amurka, David Merrill, ya duba hanyoyin koyarwa iri-iri, a 2002 ya fitar da abin da ya ga masu kyau sun yi tarayya a kai. A taƙaice: a ɗora karatu kan matsala ta gaske, a taso da abin da mai koyo ya riga ya sani, a nuna masa yadda ake yi, a sa shi ya yi da kansa, sannan ya shigar da abin cikin aikinsa na kullum. Kafin shi ma, Malcolm Knowles ya daɗe yana jan hankali cewa babba ba yaro ba ne. Babba yana zuwa da gogewarsa, kuma yana son ya san amfanin abu kafin ya ba shi lokacinsa.

Don haka darasin farko mai kyau zai buɗe ne kamar haka: ga uwa ta kawo yaro ɗan wata goma, me za ka fara yi? Sai a nuna. A lanƙwasa hannun hagu, a nemo tsakiya tsakanin kan kafaɗa da gwiwar hannu, a saki hannun ya miƙe, a zagaya tef, kada ya matse, kada ya yi sako-sako. Ƙasa da santimita 11.5 ja ne, tamowa mai tsanani. Daga 11.5 zuwa ƙasa da 12.5 ruwan ɗorawa. Daga 12.5 zuwa sama kore. Ma'anoni da tarihi su biyo baya, ga wanda ke so.

Haka mai POS. Ba tarihin banki yake buƙata ba. Abin da ke hana shi barci shi ne alat na bogi ranar kasuwa, lokacin da mutum goma ke tsaye a kansa. To daga nan za a fara masa.

Gajere, kuma a nuna

A 2014, Philip Guo da abokan aikinsa sun bi diddigin yadda mutane ke kallon bidiyon darasi a dandalin edX. Sun duba kallo kusan miliyan 6.9. Abin da suka gano: komai tsawon bidiyo, yawancin mutane ba sa wuce kamar minti shida suna kallo. Sun kuma ga cewa bidiyon da malami ke magana kamar yana hira da kai, ko yake zane da hannu yana bayani, ya fi riƙe mutane a kan wanda aka kashe kuɗi aka ɗauka a babban situdiyo.

Ku lura, waɗannan mutane ne da akasarinsu ba su da matsalar wuta. Ina ga ma'aikaciyar da za ta kalli darasi bayan ta tashi aiki, ta ɗora tukunya, waya kuma sai an kai shagon caji? Ɗaukar lakca ta awa biyu a bidiyo a tura mata ba koyarwa ba ce, sauke nauyi ne kawai.

Dalilin a ƙwaƙwalwa yake. Abin da mutum ke iya riƙewa a lokaci guda, in sabo ne, kaɗan ne ƙwarai. John Sweller ya yi bayanin wannan tun 1988, Richard Mayer kuma ya gwada shi a kan darussan hoto da murya. Daga cikin abin da Mayer ya tabbatar: hoto da bayanin baki sun fi hoto da dogon rubutu, cika allo da rubutu sannan malami ya riƙa karanta shi kalma-kalma yana rage fahimta, kiɗa da ƙyale-ƙyalen da ba su shafi darasi ba suna cinye hankali ne kawai. Wato darasi ɗaya, aiki ɗaya. Bidiyon minti uku da ke nuna hannu yana zagaya tef ya fi shafi ashirin. Gani ya kori ji.

Tambaya ita ce karatun

Mu mun taso muna ganin jarrabawa a matsayin hukunci, abin da ke zuwa a ƙarshe a ga wa ya ci wa ya faɗi. Masu bincike sun gano cewa tambayar kanta koyarwa ce.

A 2006, Henry Roediger da Jeffrey Karpicke sun ba ɗalibai wani rubutu. Wasu suka yi ta maimaita karanta shi, zama huɗu. Wasu suka karanta a zama ɗaya, sannan sau uku aka sa su rubuta abin da suka tuna ba tare da sun duba ba. Da aka gwada su bayan minti biyar, masu maimaita karatu ne a gaba. Bayan mako guda fa? Masu maimaitawa sun tuna kashi 40 cikin ɗari, waɗanda aka yi ta tambaya sun tuna kashi 61. Abin mamakin, masu maimaita karatun su ne suka fi yarda da kansu cewa za su tuna. Ashe jin cewa ka gane daban, riƙewa daban.

Wanda ya yi makarantar allo ba zai yi mamaki ba. Ba a wanke allo sai ka kawo hadda da ka, kuma ana komawa tilawar baya. Wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya auna wannan tun 1885: mantuwa ta fi gudu a sa'o'i da kwanakin farko, kuma bitar da aka rarraba cikin kwanaki ta fi wadda aka dunƙule a zama ɗaya.

A nan ne waya ta fi ɗakin bita. Bitar kwana uku a otal, in an watse an watse. Waya kuwa tana iya turo maka tambaya ɗaya gobe, wata bayan kwana uku, wata bayan mako biyu. Sai dai wace irin tambaya? Ba "kawo ma'anar tamowa" ba. Ga irin wadda ake so: tef ya nuna kore, amma ka danna saman ƙafafun yaron biyu da babban yatsa na daƙiƙa uku, ka ɗaga, rami ya zauna. Me za ka yi? Wanda ya ce a sallame shi saboda tef kore ne, ya faɗi, domin kumburin ƙafa biyu alamar tamowa mai tsanani ce ko da tef ya nuna kore. Kuma kwas mai kyau ba zai tsaya a "ba daidai ba" kawai ba, zai gaya maka dalili nan take. Gara ka yi kuskuren a waya da ka yi shi a kan ɗan mutane.

Sai da mutum a bayan wayar

A 2019, Justin Reich da José Ruipérez-Valiente sun fitar da bincike kan kwasa-kwasan da jami'o'in Harvard da MIT suka buɗe wa duniya a edX. A zangon 2017 zuwa 2018, waɗanda suka kammala ba su wuce kusan kashi 3 cikin ɗari ba. Manyan jami'o'in duniya ke nan fa, da manyan malamai. Ba darasin ne ba shi da kyau ba. Mutum ne in aka bar shi shi kaɗai da waya, ba mai tambayarsa, ba mai gyara masa, ba abokin tafiya, sai ya yi sanyi.

Ku kwatanta da wani tsari da ake kira ECHO. Wani likitan hanta, Sanjeev Arora, ya fara shi a 2003 a jihar New Mexico ta Amurka, inda masu ciwon hanta nau'in C ke jiran watanni kafin su ga ƙwararre. Maimakon a yi ta kwaso marasa lafiya zuwa birni, sai ya riƙa haɗuwa da ma'aikatan lafiya na karkara ta bidiyo duk mako. Bayani gajere, sannan ma'aikaci ya gabatar da matsalar wani majinyaci na gaske da ke hannunsa, ba tare da ambaton suna ba, kowa ya sa baki, ƙwararru su ba da shawara. A 2011 aka buga sakamako: waɗanda aka yi wa magani a karkara sun warke daidai da na asibitin jami'a, kusan kashi 58 cikin ɗari kowane ɓangare. Yanzu ana amfani da tsarin a ƙasashe da yawa, har da Najeriya.

Ni abin da na ɗauka a nan, asirin ba a na'ura yake ba. Matsala ta gaske, lokaci tsayayye, da wanda ya fi ka sani yana sauraren yadda ka yi tunani. Kuma wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu, ta yi karatun nesa tun ƙarni na 19. Ta tsara darussa cikin waƙoƙi masu sauƙin riƙewa, ta horar da jajis, su kuma suka riƙa kai karatun ga matan ƙauyuka, 'Yan Taru, suna dawowa wurinta da tambayoyi. Darasi gajere, cikin harshen mai koyo, ga jagora a kusa, ga hanyar mayar da tambaya. Haka Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, NTI, wadda aka kafa a 1976: malami yana bakin aikinsa yana karanta darussan da aka buga, amma akwai ranakun haɗuwa da masu koyarwa a cibiyoyin karatu. Ba su taɓa cewa takarda kaɗai ta isa ba.

Akwai kuma darasi daga shagon tela. Wata mai bincike, Jean Lave, ta zauna da teloli a Monrobiya ta ƙasar Laberiya tana kallon yadda yaran shago ke koyo. Ta ga ba a fara ba su almakashi. Da sa maɓalli da kalmasa da guga ake farawa, sannan ɗinki, yanka shi ne ƙarshe, domin a nan kuskure ya fi tsada. Ku leƙa kowane shagon ɗinki a Ƙaura, haka za ku gani. Kwas na waya mai hankali haka yake jera aiki: mai sauƙi tukuna, ƙarƙashin idon wani, sannan a sakar maka mai nauyi. A aikace, wannan na iya zama guruf na mutum goma zuwa goma sha biyar da jagora ɗaya. Malama ta gwada sabuwar dabarar koyar da haɗa baƙi a ajinta, ta turo saƙon murya ta ce ga inda yara suka rikice, jagora ya amsa a ranar. In aikin hannu ne kamar awon dantse, dole wani ya tsaya a kanka ya ga ka yi, ko da sau ɗaya ne. Waya ba ta jin ko tef ya matse.

A yi shi daidai da sabis ɗinmu da harshenmu

Ba mu manta Satumbar 2021 ba, lokacin da aka rufe layukan waya a duk faɗin Zamfara saboda matsalar tsaro. Gusau ta samu nata bayan kusan wata guda, sauran ƙananan hukumomi suka ci gaba da jira. Ko yanzu da sabis ɗin yake, akwai garuruwan da sai an hau tudu ake tura saƙo. Duk kwas ɗin da ya dogara kan kowa ya shiga Zoom ƙarfe goma na safe, ya riga ya zaɓi ɗalibansa: 'yan birni masu wuta. Wanda aka yi domin mu, ana sauke shi sau ɗaya a yi ta amfani da shi ba intanet, fayil ɗinsa ƙarami ne da za a iya tura wa aboki ta Xender, akwai shi a murya, kuma in ka tsaya yau, gobe daga nan za ka ci gaba.

Indiya ta gwada wannan. Akwai wani kwas mai suna Mobile Academy da BBC Media Action ta fara a jihar Bihar a 2012 domin matan da ke aikin lafiya a ƙauyuka, daga baya gwamnatin ƙasar ta faɗaɗa shi. Ba ya buƙatar babbar waya. Lamba ake kira da ƙaramar waya a saurari darasi, a amsa tambayoyi ta danna lambobi, in an katse kuma tsarin ya tuna inda aka tsaya. Sun duba abin da ke hannun ma'aikaciya ne suka gina a kai.

Sai harshe. Da yawa daga cikinmu da Turanci aka horar da mu, amma da Hausa muke aikin. Wanda ya haddace bayanin tamowa da Turanci, in ya zo gaban uwa a ƙauyen Zurmi, sai ya tsaya laluben kalma. Darasin da aka yi da Hausa ya rage masa wannan wahalar, domin ya ba shi har kalmomin da zai faɗa. Ana yi kuma. Dandalin OpenWHO na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda aka buɗe a 2017, ya fitar da darasin korona da Hausa. Nigeria Learning Passport da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta ƙaddamar tare da UNICEF a 2022 shi ma yana da darussa da Hausa. Sai dai fassara kaɗai ba ta isa ba, misalan ma su zama namu. In za a koya wa mai POS lissafin cinikin rana, a yi masa da cinkoson ranar kasuwar Shinkafi.

A ina ake auna nasara?

Tun 1959 Donald Kirkpatrick ya kawo matakai huɗu na auna horo. Na ɗaya, ya yi wa mahalarta daɗi? Na biyu, sun koyi wani abu? Na uku, aikinsu ya canza? Na huɗu, an ga sakamako? Yawancin rahotannin da ake rubutawa a mataki na ɗaya suke tsayawa: mutum kaza sun yi rajista, mutum kaza sun karɓi satifiket, ga hotuna. Na uku da na huɗu su ne masu wuya, su ne kuma dalilin yin kwas ɗin. Bayan wata uku, in shugaban asibiti ya sake auna yara goma da ma'aikaci ya auna, nawa suka zo daidai? Yaran ajin malamar nan, nawa ke iya karanta jimla yanzu? Mai POS, sau nawa aka cuce shi a wannan watan?

Nan kuma akwai haƙƙi a kan shugabannin wurin aiki. Ba adalci ba ne a ce ma'aikaci ya yi kwas da datarsa, a lokacin barcinsa, sannan ya dawo ba tef, ba fom, ba wanda zai tambaye shi me ya koyo. A ware masa ko awa ɗaya ce a mako cikin lokacin aiki, a ba shi kayan da zai gwada, a kuma duba.

Saboda haka, kafin ka zuba datarka a wani kwas, yi masa tambayoyin nan. Wane aiki zan iya yi bayan na gama wanda ban iya ba yanzu? Za a nuna mini, ko karanta mini za a yi? Akwai inda zan gwada a gyara mini? Wa zan tambaya in na maƙale? Zai yi aiki ranar da ba sabis? In amsoshin ba su fito ba, ka san satifiket za ka saya da lokacinka. Ba laifi ba ne, yana da ranarsa wajen neman aiki, amma ka san abin da ka saya.

Ku kuma 'yan uwana da kuka karanta kwamfuta ko aikin jarida ko koyarwa, musamman 'yan Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda, wadda ke yaye ɗalibai tun bayan kafa ta a 1983, ga aiki nan a ƙofar gida. Ba sai an jira wani ya zo daga Abuja ba. Ku nemi ƙwararre ɗaya a garinku, ungozoma ko tsohon malami ko mai gyaran sola. Ku zaɓi aiki ɗaya tak. Ku ɗauki bidiyon minti uku da Hausa, da izinin duk wanda zai fito a ciki, ƙwararren ya duba ya tabbatar babu kuskure. Ku haɗa da tambayoyi biyar da za ku riƙa turawa ɗaya-ɗaya cikin mako biyu. Ku gwada da mutum goma, sannan ku je wurin aikinsu ku gani da idonku ko hannunsu ya canza. In bai canza ba, ku gyara darasin ku sake.

Wanda ya taɓa yin kwas ta waya da ya amfane shi a bakin aiki, ya turo mana saƙon murya ya faɗi abin da ya sa ya yi amfani, za mu saka wasu a shiri na gaba. Ku tura wa abokan aikinku wannan rubutu, musamman na ƙauyukan da murya ba ta sauka. Allah ya ba mu zaman lafiya a yankinmu, ya sa mu amfana da abin da muka koya. Sai mun sake haɗuwa.